Me Ya Sa POS Ta Karɓu, eNaira Kuwa Ta Kwanta?

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana cewa mutanenmu ba sa son sabon abu. Masu wannan magana su shiga Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau su ga yadda ake ciniki yau, sannan mu zauna.

A watan Oktoba na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wato nairar da Babban Banki ya fitar don a riƙe ta a waya, ba a takarda ba. An yi bikin, an yi talla a rediyo da talabijin, amma har yau da wuya ka ga mai kayan miya ko ɗan adaidaita sahu da ya taɓa karɓar ta. POS kuwa, wato ƙaramar na'urar da ake sa kati a cire kuɗi ko a tura, babu wanda ya yi mata gangami a unguwanni. Wani saurayi ne ya kafa laima da benci a bakin titi, kuma kowa ya san gidansu, ya san mahaifinsa. Idan kuɗi ya maƙale, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A ganina asirin ke nan: talaka yana miƙa kuɗinsa ne ga mutumin da zai iya kamawa gobe.

Sai ga canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna wahalar: layi a bakin ATM tun asuba, ana sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin a watan Maris. A wannan tsakanin ne mai shayi da mai nama suka buɗe asusu a kamfanonin tura kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint, suka rubuta lambar a kwali suka rataye. Wuya ce ta tura su, babu musu. To amma da tsabar kuɗi ta dawo, ba su sauke kwalin ba, domin sun ga an huta da rigimar canji, an kuma rage yawo da kuɗi a aljihu a hanyoyin da babu tsaro.

Dattijon da ke cewa ba zai ba ka kaya ba sai ya ga alat, wato saƙon shigar kuɗi a waya, da idonsa, kada a kira shi baƙauye. Ya ji labarin alat na bogi. Ya ga maƙwabcinsa da aka cire wa kuɗi, bai isa inda aka tura ba, ya yi ta zarya banki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Damuwata yanzu tana kan iyayenmu mata na ƙauye, waɗanda ba su karanta Turanci, sabis ma sai an hau tudu. Suna ba yaro kati da lambar sirri ya je ya ciro musu, a haka ake cutar da yawansu. Kamfanonin nan na tura kuɗi su sa Hausa a manhajojinsu, da murya, kuma su riƙa mayar da kuɗin da ya maƙale da wuri.