Yaron da ba ya iya musu ba zai koyi kimiyya ba

Tun da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke koyarwa da harshen uwa, an mayar da Turanci harshen karatu tun daga nazare har jami'a, muhawarar ta tsaya kan al'ada da kishin harshe. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne darasin kimiyya na firamare, wanda kusan babu mai ambatonsa.

Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ake koyarwa da harshen gida. To, tsarin da aka soke ɗin sai a ƙarshen 2022 majalisar zartarwa ta amince da shi, zamanin tsohon Ministan Ilimi Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba aka soke tsarin. Wace WAEC ya zauna har ya faɗi? Waɗanda suka faɗin, littattafan kimiyyarsu da Turanci aka rubuta su, kuma da Turanci suka haddace su.

Haddar nan ita ce ciwon. Malam ya rubuta ma'anar ƙafewar ruwa a allo da Turanci, yara su rera ta baki ɗaya har sai ta zauna, ranar jarrabawa su amayar. Ka tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi da Hausa me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, sai ya tsaya yana kallonka, don ba a taɓa nuna masa cewa abin da ke allo yana da alaƙa da randar da ke tsakar gidansu ba.

Alhali darasin kenan gaba ɗaya. Wani yaro zai ce ai ƙasa ce mai sanyi, wata ta ce randa zufa take yi. Malam ya ce to a gwada: tulu biyu iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, a naɗe ɗaya da leda, a bar ɗayan ya sha iska, bayan tara a dawo a tsoma hannu. Wanda hasashensa ya faɗi ya yi gardama, ya nemi a sake. Tambaya, hasashe, gwaji, musu: duk da baki ake yin su, kuma ɗan shekara tara da ke tsoron kada a yi masa dariya kan Turancinsa shiru zai yi. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya ba tare da lantarki ba, har ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kuma an taɓa gwada maganar nan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara lissafi da kimiyya da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Ma'aikatar da ke tinƙaho da bin hujja ta tsallake wannan.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya su saurari shirin lafiya ko na noma a rediyo ko da sau ɗaya ne. Masu cewa birane irin Legas da Jos harsuna sun yi yawa a aji guda, gaskiyarsu, amma wannan ba dalilin ɗaure bakin yaron Ringim ba ne.

A bar malamin firamare ya koyar da kimiyya da harshen da ajinsa ke ji, a ba Turanci ƙwararren malaminsa daban. Kamata ya yi NERDC, hukumar tsara manhajar karatu, ta buga littattafan da tun farko ba a wadata makarantu da su ba, kwalejojin ilimi kuma su daina yaye mai NCE da bai taɓa haɗa gwaji ko ɗaya da hannunsa a gaban yara ba.