Bargon ƙyalli: abin da ya iya da abin da bai iya ba

Ranar da na fara kwana a tanti tun zuwana wannan ƙasa ta sanyi, gabana ko ɗar bai yi ba, saboda wani ɗan ƙunshi da ke aljihuna, wato bargon ƙyalli. Bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa kamar gram 50, amma in ka warware shi sai ya kai mita biyu, yana walƙiya kamar madubi. A jikin ledarsa an rubuta cewa yana mayar wa mutum da kashi 90 cikin 100 na ɗumin jikinsa. Abokan tafiyata kowa ya goyo jakar barci da naɗaɗɗen soso na shimfiɗa, ni kuwa ina musu dariya a zuci, kwana ɗaya tal sai ka ce masu ƙaura.

Ƙarfe biyu na dare haƙorana suka fara haɗuwa. Ƙirjina da ɗan dama-dama, amma bayana da kwankwasona, duk inda ya taɓa ƙasa, kamar an ɗora ni kan ƙanƙara. Da na shafa rigata sai na ji ta yi danshi, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba.

Masu yin bargon ba ƙarya suka rubuta ba, rabin zancen suka faɗa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ce ta ƙirƙiro wannan abu a 1964, leda ce siririya da aka shafe da alminiyom. A sararin samaniya babu iska, don haka zafi ba ya tafiya sai ta hanyar huci, irin wanda garwashi ke dukan fuskarka da shi ba ka taɓa shi ba. A can ledar sarauniya ce. Ko a 1973, da tashar sararin samaniya ta Skylab ta rasa garkuwarta, rana ta fara gasa ta, irin wannan shimfiɗa aka buɗa mata kamar lema. Wancan kashi 90 ɗin, kason hucin kaɗai ake nufi.

A doron ƙasa kuwa ɓarayin ɗumi huɗu ne. Ban da huci, iska na kwasa, gumi na tafiya da nasa in ya bushe, ƙasa kuma na tsotsa kai tsaye. Wannan na ƙarshen shi ya ci ni. Ledar ta fi gashin kai siranta, to me za ta tare tsakanin haƙarƙarinka da ƙasa mai sanyi? Ɗumi ratsa ta yake yi kamar ba ta nan. Danshin rigata kuma nawa ne: ledar ba ta numfashi, tururin jiki ya taru a cikinta ya koma ruwa, ruwa kuwa ya ninka iska wajen sau 25 a saurin janye zafi.

Kwatanta shi da bargon ulu. Ulu ba ya ƙyalli, ga nauyi ga cin wuri a jaka, amma tsakanin zarurrukansa iska ce a tsare ba ta motsi, ita ce ke ɗumama ka, kuma ko ya ɗan jiƙe bai gama aiki ba. Jakar barci ma dabarar ke nan, sai dai ɓangaren da ka danne da nauyinka ya lotse, iskar ta fice. Ashe sosan nan da na raina shi ne uban tafiya. Da za a ce yau in zaɓi ɗaya tsakanin soso da bargon ƙyalli don kwanan daji, ko waiwayen ƙyallin ba zan yi ba.

Ga ƙara kuma. Ko juyi ka yi sai ya ɗauki kacau-kacau, da safe na tantin kusa yake tambayata ko kokawa na kwana yi. Ya ɗan tsage kuwa, shi ke nan, tsagar sai ta kai ƙarshe.

Duk da haka ban yar da shi ba, kuma duk ɗan'uwan da ya zo sabo ya ce zai shiga daji sai na ce ya saya. Sunansa bargon gaggawa, a nan ya iya aikinsa. Shi ake yafa wa masu tseren dogon zango da sun tsallake layi, jiki sharkaf da gumi iska na kaɗawa, shi ma'aikatan agaji ke lulluɓa wa wanda ya yi hatsari kafin a kai asibiti. Ɗumin jikin mutum digiri 37 ne, ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma abin da ke tare iska da ruwan sama na 'yan awanni zai iya riƙe mutum har ceto ya iso. Walƙiyarsa ma masu nema na hangowa daga nesa. Sharaɗin dai a cire jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, ledar ta zo daga waje, a bar fuska a buɗe, a sami ko jaka ce ko tarin busasshen ganye a zauna a kai.

Sauran daren nan a kan jakar goyona na ƙarasa shi, a zaune, na haɗa kai da gwiwa, wani ya ara mini rigar ulu na saka ta ƙarƙashin ledar. Sai a lokacin kakkarwar ta tsaya.