Aljanin Littafi da Aljanin Fim: Ƙorafin Zariya da na Ingila

Babu labarin da ke tayar wa mai karatun littattafan ban tsoro hankali kamar a ce masa za a yi fim da littafin da ya hana shi barci. A Ingila, inda nake zaune, wannan rigima tsohuwa ce, amma a 'yan watannin nan na ga irinta ta tashi a tsakanin 'yan uwana da ke Zariya, bayan an fara raɗe-raɗin cewa wasu masu shirya fim sun sayi wani littafin aljanu da matan gidanmu suka daɗe suna bi babi-babi ta wayar hannu. Kowane ɓangare cewa yake yi za a ɓata masa littafi, sai dai ba abu ɗaya suke gudu ba. A ganina Zazzagawa ne suka fi kusa da gaskiya, ko da yake maganin da suke nema ba shi ne na ciwon ba.

Bature mai son littafi yakan shiga sinima ne yana lissafin abin da aka cire da abin da aka sauya. Misalin da ba sa gajiya da kawowa shi ne The Shining na Stephen King, wanda ya fito a 1977, Stanley Kubrick kuma ya yi fim ɗinsa a 1980. A littafin, otal ɗin da labarin ya faru a cikinsa ƙonewa ya yi bayan tukunyar ɗumama shi ta fashe. A fim ɗin kuwa sanyi ne ya daskarar da maigidan a cikin lambu. Shi kansa King bai ɓoye ɓacin ransa ba, domin ya rubuta labarin mutum ne mai ƙaunar iyalinsa wanda giya da otal ɗin suka ci ƙarfinsa sannu a hankali, amma a fim ɗin tun daga farko mai kallo yake ganin alamar taɓin hankali a fuskar Jack Nicholson, ɗan wasan da ya fito a matsayin maigidan. Abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta wani fim na talabijin da kansa, aka nuna a 1997. Yau fiye da shekara arba'in ke nan ana wannan gardama, kuma gardama ce ta sana'a zalla, wato tsarin labari da halin taurari da haƙƙin marubuci. Yawancin masu yin ta ba su yarda akwai fatalwa ba, saboda haka tsoron da suke ji na aro ne, suna fitowa daga sinima sun ajiye shi.

Ba haka abin yake a Tudun Wada ba, inda ƙanwata take aure. Takan yi karatunta ne bayan yara sun yi barci, an ɗauke wuta, hasken waya kaɗai ke ɗakin. Idan ta zo inda amarya take jin lugude da tsakar dare daga kangon da aka yi shekaru ba wanda ya kwana a cikinsa, sai ta kife wayar, ta karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kuma daren nan ba za ta fita tsakar gida ba sai ta tashi maigidan ya raka ta. Marubuciyar ba ta buƙatar siffanta mai dakan, domin tana magana ne da wadda aka rena da kada a zubar da ruwan zafi ba tare da bisimilla ba, kada a zauna a gindin tsamiya da tsakar rana, kada a bar yaro a waje da almuru. Tarbiyyar mai karatu ce take cika abin da alƙalami ya bari. Da na tambaye ta me ya sa ba ta murna da zancen fim ɗin, sai ta ce: “Yaya, ai mun san abin da za su yi. Hoda za su shafa wa wata, su lulluɓa mata farin ƙyalle, su barbaza mata gashi, ta yi ta ƙyalƙyala dariya mai amsa kuwwa, washegari yara su kama kwaikwayonta a ƙofar gida.”

Duk wanda ya kalli finafinan aljanu na Hausa ya san ba sharri ta yi musu ba. Da hayaƙi da jan ido da murɗaɗɗiyar murya da ɓacewa farat ɗaya, an maimaita su har sun daina razana kowa sai ƙananan yara. Amma akwai dalilin da ya fi rashin gwaninta zurfi. A aya ta 27 ta Suratul A'araf an gaya mana cewa Shaiɗan da jama'arsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, kuma a nan ne tsoron Bahaushe ya samo tushe: ana kallonsa, shi kuwa ba ya ganin mai kallon. Da zarar kamara ta haska fuskar aljani, ta kawar da ainihin abin da ake tsoro, ta bar wa mai kallo 'yar wasan da ya sani da suna, wadda ya gani jiya a wani fim tana rigima da kishiya.

Inda na rabu da 'yan uwana shi ne a kan magani. Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya dage cewa talauci ne matsalar, wai da za a samu kuɗi da kayan kwamfuta irin na Amurka da an fitar da aljanin da zai sa mutum ya ruga. Tarihin finafinan Turawan kansu bai goyi bayansa ba. A 1959 Shirley Jackson ta wallafa The Haunting of Hill House, a 1963 Robert Wise ya yi fim ɗinsa a nan Ingila, baƙi da fari, kuma daga farko har ƙarshe bai nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Abin da ake ji shi ne bugun ƙofa yana matsowa, abin da ake gani kuwa mata biyu ne sun ƙanƙame juna a kan gado suna kallon marikin ƙofar. A 1999 aka sake yin fim ɗin da maƙudan kuɗi, aka cika shi da dodanni na kwamfuta, masu sharhi suka yi masa ca, kuma har yau na 1963 ake koyi da shi. Mai shirya fim a Zariya yana da abin da kuɗi ba ya saye: dogon zaure mai duhu a cikin Birni, lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, ragowar ganuwa, tsohuwar rijiya a bayan gida, duwatsun Kufena a cikin hazon hunturu. Abin da yake buƙata shi ne mai haɗa sauti da ya san aikinsa, da kuma haƙurin barin kamara a kan fuskar wadda take sauraro.

Akwai wani bambanci da ban taɓa jin wani Bature ya yi kuka da shi ba. Su ragi suke tsoro, mu kuwa ƙari. Mayar da littafi fim ba baƙon abu ba ne a wurinmu, musamman a Zariya, garin da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, garin da Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, kuma bayan bidiyo ya shigo, littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun koma fim. Soyayya tana ɗaukar waƙa da rawa da jan labari, tsoro kuwa ba ya ɗauka. Yanzu da kasuwa ta koma ga fim mai dogon zango, inda kowane mako sai an samu abin da za a saka, abin da masu karatu suke hange shi ne a ɗauki labarin da ƙarfinsa yake cikin 'yan darare, a cusa masa uwar miji mai mugunta da saurayi mai mota da ɗan barkwanci, har mai kallo ya manta da kangon da luguden.

Sai murya ta uku, ta manya, wadda ba ta damu da kyan fim ko muninsa ba. Baffana cewa ya yi wannan ba abin wasa ba ne, kuma abin da ya fi damunsa shi ne a sa ɗan wasa ya riƙa karanta ayoyin ruƙiyya a kan wadda take birgimar ƙarya, ana tsayar da shi ana cewa ya maimaita. Wannan damuwa tana da nauyi, kuma ba mu kaɗai muka taɓa jin irinta ba, domin a nan Ingila ma The Exorcist, wanda aka yi a 1973 daga littafin William Peter Blatty, ya ɓace daga shagunan bidiyo daga 1988 har zuwa 1999 saboda hukumar tace finafinai ba ta ba shi izini ba. Mai shirya fim na Hausa kuwa yana aiki ne da tunanin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da tunanin abin da za a faɗa a kan mumbari, saboda haka yakan zaɓi hanyar da ba za ta jawo masa magana ba: malam ya zo da carbi, aljani ya yi kururuwa ya yi alkawarin fita, a rufe da nasiha. Mai kallo ya san wannan ƙarshe tun kafin a fara, alhali littafin da ƙanwata take karantawa ya ƙare ne ba tare da an tabbatar mata ko aljani ne ko kuwa makircin mutanen gidan ba, kuma wannan ne ya sa suka yi makonni suna musu a kansa.

Blatty da kansa ya rubuta labarin fim ɗin littafinsa, har ya ci kyautar Oscar a kan haka. Idan maganar cinikin nan ta tabbata, abin da ya kamata marubuciyar ta nema a rubuce, kafin a zo batun kuɗi, shi ne a zauna da ita wajen rubuta labarin fim ɗin, kuma kada a taɓa babin ƙarshe sai da yardarta.