Wahalar farke ɗinkin bargo

Da sanyin Jos ya kankama a watan Disamba, na kai wa wani tela bargona mai auduga, wanda na saya a kasuwar Katako, domin ya ɗinke gefen da ya yage. Maimakon haka, sai ya ratsa tsakiyar farin yadin da baƙin zare, ya matse ɗinkin har audugar ta dunƙule wuri guda. Yau kwana uku ke nan ina farke ɗinkin da reza da allura a hankali, domin jan zaren da ƙarfi yana yaga yadi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne guntayen zaren da suka maƙale a jikin bargon, waɗanda kakkaɓewa ba ta fitar da su, sai an tsince su ɗaya bayan ɗaya da farce.