An Ce Maka 200, Sai Daga Baya Ka Ga Ɓarnar

Duk mai rubuta manhaja da ya taɓa ɗora fayil zuwa Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon a intanet, ta hanyar lambar manhaja (code) ya san wannan baƙin cikin. Ka rubuta layi uku, ka tura hoto, amsa ta dawo da 200, wato komai lafiya. Sai bayan mako biyu wani ya buɗe mahaɗin hoton a wayarsa, maimakon hoton ya bayyana, birauza ta sauke shi kamar wani tarkacen da ba ta san ko mene ne ba. Babu wanda ya gargaɗe ka, babu kuskuren da ya fito a lokacin ɗorawa. An karɓi fayil ɗin, an yi shiru, an bar ka da aikin gyara fayil dubu goma. Wannan shirun shi ne abin haushin, kuma ya game kusan kowane zaɓi da ake haɗawa da buƙatar ɗora fayil.

Dalilin hoton nan ba wani sirri ba ne. Idan ba ka saka Content-Type, wato bayanin nau'in fayil, a cikin buƙatar ba, S3 ba ya duba cikin fayil ɗin, ba ya duba ƙarshen sunansa, kawai ya liƙa masa binary/octet-stream ya wuce. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kayan aikin kamfani ɗaya ma ba su yarda da juna ba. Umarnin aws s3 cp yana hasashen nau'in fayil daga sunansa, amma upload_file na boto3, kayan aikin Amazon na yaren Python, ba ya yi. To, mutum ya gwada da hannu ya ga hoto ya buɗe tas, ya koma Python ya rubuta abu ɗaya, sakamako ya bambanta. A boto3 ɗin ma, idan put_object kake kira, kai tsaye za ka rubuta ContentType="image/jpeg", idan kuwa upload_file ne, sai ka cusa shi cikin ExtraArgs. A Google Cloud Storage, upload_from_filename yana hasashen da kansa. A Azure na Microsoft kuma sai ka gina ContentSettings tukuna. Abu ɗaya, hanya huɗu, kowacce da halinta idan ka manta.

Wai kuma sai ka ce bari in gyara. Ina! Bayanan da ke jikin fayil a S3 ba sa gyaruwa bayan an ɗora. Hanya ɗaya ce: ka kwafi fayil ɗin a kan kansa da CopyObject, ka saka MetadataDirective ya zama REPLACE. Kuma REPLACE ɗin nan da gaske yake yi. Duk abin da ba ka sake ambata ba, Cache-Control ne, Content-Disposition ne, bayanan da ka ƙara da kanka ne, ya tafi. Ka zo gyara abu ɗaya ka goge uku. Idan fayil ɗin ya wuce gigabait 5, kwafi guda ba zai ɗauke shi ba, sai ka yanka shi gunduwa-gunduwa da UploadPartCopy. Idan kuma bokitin, wato rumbun da S3 ke zuba fayilolinka, yana ajiye tsofaffin sigogi, kowane gyara sabuwar siga ce, tsohuwar tana nan ana lissafa maka kuɗinta.

Mu masu rubutu da Hausa kuwa muna da namu kason na musamman. Sunan fayil a S3 yana karɓar UTF-8, tsarin haruffa mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, har bait 1,024, saboda haka suna kamar ƙasida.pdf zai shiga lafiya. Amma ka gwada saka taken takardar a cikin bayanan x-amz-meta-, ka rubuta "Ɗan littafin ƙa'idoji", boto3 zai tsayar da kai tun kafin buƙatar ta bar kwamfutarka, wai ya ga haruffan da ba ASCII ba, wato waɗanda ba na Ingilishi zalla ba. A shekarar da muke ciki, harafin ƙ ya zama matsala! Mafita ita ce ka sauya haruffan zuwa lambobi kafin ka tura, sannan ka warware su idan ka karanto: ƙ ya koma %C6%99, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93. Ka lura, harafi ɗaya ya zama shida, alhali duk bayanan da aka yarda ka ƙara da kanka kilobait 2 ne kacal. Haka ma idan kana so mai saukewa ya ga sunan Hausa daidai, rubuta filename= kaɗai a Content-Disposition bai isa ba, sai ka haɗa da filename*=UTF-8'' sannan sunan da aka sauya, ka bar na farkon da haruffan boko marasa ƙugiya saboda tsofaffin birauza. Su kuma sunayen bayanan, ko da manyan baƙaƙe ka rubuta, da ƙanana za a dawo maka da su, manhajar da ke neman Marubuci ta rasa shi domin ya koma marubuci.

Yanzu ga inda ciwon ya fi zafi: manyan fayiloli a kan layin intanet mai rauni. Buƙata guda ta PutObject tana iya ɗaukar har gigabait 5, amma idan layi ya yanke a kashi 99 cikin ɗari, daga sifili za ka faro, datar da ka ƙona ta tafi a banza. Saboda haka ake yanka fayil gunduwa-gunduwa. Ƙa'idar ita ce kowace gunduwa ba ta gaza megabait 5 ba sai ta ƙarshe, kuma jimillarsu ba ta wuce 10,000 ba. Ka tura gunduwoyi na megabait 1 kowacce, za a karɓe su duka ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ce maka uffan ba, sai ka zo haɗawa a ƙarshe sannan a jefo maka EntityTooSmall. Haba! Me ya hana a faɗa tun a gunduwa ta biyu?

Sannan ka dubi saitin da boto3 yake zuwa da shi: da fayil ya kai megabait 8 sai ya fara yankawa, kowace gunduwa megabait 8, kuma yana tura goma a lokaci guda. Wannan saiti na kwamfutar da ke zaune cikin cibiyar bayanai ne a Bajiniya ko Dublin, ba na wanda ke Gusau ko Maraɗi yana jan intanet daga wayarsa ba. Yi lissafin da kanka. Idan ƙarfin turawarka megabit 1 ne a daƙiƙa, gunduwa ɗaya tana buƙatar sama da daƙiƙa 60. Raba wannan ƙarfin gida goma, kowace gunduwa za ta ɗauki kusan minti 11 kafin ta kammala. Layi ya girgiza sau ɗaya cikin mintunan nan, goman duka suna cikin haɗari, kuma kowacce daga farkonta za a sake. Gyaran yana cikin TransferConfig: ka mayar da max_concurrency 2 ko ma 1, ka sauke multipart_chunksize zuwa megabait 5, ka ƙara yawan sake gwadawa a saitin retries. A JavaScript, ajin Upload na lib-storage yana da partSize da queueSize, shi huɗu yake turawa a tare. Duk wannan yana rubuce a wani lungu na takardunsu, amma misalin da ke shafin farko, wanda kowa ke kwafa, bai ce komai a kai ba. Kuma upload_file ba ya ci gaba daga inda ya tsaya idan manhajar ta mutu ko wuta ta ɗauke. Idan kana son hakan, kai za ka adana UploadId, ka kira ListParts ka ga abin da ya riga ya isa, ka tura sauran da hannunka. Google ya fi tausayi a nan, domin yana ba ka mahaɗin zama da ke aiki mako guda, kana iya tambayarsa bait nawa ya karɓa, sai dai shi ma dole kowace gunduwa, banda ta ƙarshe, ta zama ninkin kilobait 256.

Ga kuma wanda ke cin aljihu a ɓoye. Duk ɗorawar da aka fara ba a gama ba, gunduwoyinta suna nan zaune a S3, ana cajin ka kuɗin ajiyarsu, kuma ba za ka gan su a jerin fayilolin bokitin ba. Bokiti yana nuna maka gigabait 20, takardar kuɗi tana faɗin wani abu daban. Sai ka kira list-multipart-uploads sannan gawawwakin su fito. Tamkar ka kama shago haya ne, mai gida yana karɓar kuɗin wani ɗaki a baya wanda bai taɓa nuna maka ƙofarsa ba. Azure yana share gunduwoyin da ba a haɗa ba bayan mako guda, Cloudflare R2, wata ma'ajiya irin S3, ita ma kwana 7 ne saitinsa na asali. A S3 kuwa sai kai ka je ka kafa dokar AbortIncompleteMultipartUpload, ka ba ta adadin kwanaki, in ba haka ba suna nan har abada. Wanda layinsa ya fi yankewa shi ya fi tara irin wannan shara, wato mai ƙaramin ƙarfi shi ake ƙara wa kuɗi.

Batun izini kuma rikici ne na tsofaffin darussa. Intanet cike take da misalan da ke cewa ka saka ACL="public-read". Tun watan Afrilun 2023 sababbin bokitai suna zuwa ne da ACL, jerin waɗanda aka ba izini a kan fayil, a kashe da kuma toshe damar jama'a, don haka wannan layin yanzu AccessControlListNotSupported yake haifarwa. Sauyin kansa daidai ne, an sha tonon asirin bayanan mutane ta buɗaɗɗun bokitai. Amma zaɓin yana nan cikin jerin abubuwan da SDK, kayan aikin masu rubuta manhaja irin su boto3, ke karɓa kamar lafiyarsa ƙalau. Cire wannan layin daga lambarka, ka yi amfani da dokar bokiti ko CloudFront, hidimar Amazon ta rarraba fayiloli ga jama'a.

Idan wayar mai amfani ce za ta ɗora kai tsaye, sai ka ba ta mahaɗi mai sa hannu, wato mahaɗi mai ɗauke da izininka na ɗan lokaci. Nan ma tarko ne a jere. Ka sa hannu da image/jpeg, wayar ta turo image/png ko ta ƙi turo komai, amsa 403 ce, SignatureDoesNotMatch, kuma ba za a nuna maka da yatsa wane layi ne ya saɓa ba. Idan ba ka saita CORS, dokar da ke ba wani shafin intanet izinin magana da bokitin, ba, birauza za ta ɓoye ainihin amsar gaba ɗaya, ka kwana kana farautar abin da ba shi ne matsalar ba. Idan ka saita amma ka manta saka ETag, shaidar da S3 ke bayarwa ga abin da ya karɓa, a ExposeHeaders, gunduwoyi za su shiga, amma lambarka ba za ta iya karanta shaidar kowacce ba, ba kuwa za ka iya haɗa su ba sai da ita. Iyakar rayuwar mahaɗin kwana 7 ne, amma idan da makullin wucin gadi aka sa hannu, yana mutuwa tare da makullin, ko da ka rubuta mako guda. Sannan mahaɗin PUT ba shi da zaɓin cewa kada fayil ya wuce girma kaza. Wanda ka ba dama ya ɗora hoton fasfo zai iya cusa maka bidiyon gigabait 4. Idan kana son iyaka, sai ka koma tsarin POST mai content-length-range, wanda siffar buƙatarsa daban ce ɗungurungum. Kar kuma a manta agogo: buƙatar da aka sa wa hannu a kwamfutar da agogonta ya kauce da fiye da minti 15 za ta dawo da RequestTimeTooSkewed. Tsohuwar kwamfutar ofis da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ta manta kwanan wata, ɗorawa ta tsaya cak.

Mutane da yawa suna ɗauka ETag shi ne MD5 na fayil, wato tambarin da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, suna gwada shi don tabbatar da cewa abin da suka tura shi ya isa. Haka yake ga ƙaramin fayil da aka tura a buƙata guda. Da an yanka shi, ETag ya zama wani abu mai jela kamar -37, adadin gunduwoyi ke nan, ba zai taɓa yin daidai da naka lissafin ba. Idan an rufe fayil da makullin KMS, hidimar makullan sirri ta Amazon, nan ma ETag ba MD5 ba ne. Sai ga Janairun 2025, sababbin SDK, ciki har da boto3 1.36, suka fara haɗa lissafin CRC32, wani tambarin tantance fayil, da kowace ɗorawa ba tare da an tambaye su ba. Ga S3 kansa babu laifi, amma masu amfani da SDK ɗin wajen tura fayil zuwa wasu ma'ajiyu da ke kwaikwayon S3 suka wayi gari lambar da ba su taɓa ba ta daina aiki. Maganin layi ɗaya ne, AWS_REQUEST_CHECKSUM_CALCULATION ya zama when_required, amma sai ka san sunansa tukuna. Kalmar "mai jituwa da S3" ma ta zama abin dariya: R2 yana so duk gunduwoyi su zama girma ɗaya banda ta ƙarshe, S3 bai damu ba.

Na ajin ajiya gajere ne amma yana cizo. Ka ga STANDARD_IA ya fi araha ka saka shi a StorageClass, alhali fayilolinka ƙananan hotuna ne na kilobait 20. Kowanne za a caje shi a matsayin kilobait 128, kuma ko ka goge shi gobe sai ka biya na kwana 30. DEEP_ARCHIVE kwana 180 ne. Buƙatar ba za ta ƙi ba, 200 za ta ba ka.

Mafi muni shi ne taka fayil. Mutum biyu suka ɗora takarda mai suna rahoto.pdf a wuri ɗaya, na biyun ya shafe na farko, babu tambaya, babu gargaɗi, kuma idan ba ka kunna ajiyar sigogi ba, babu dawowa. S3 ya fito tun 2006, amma sai a watan Agustan 2024 ya fara karɓar If-None-Match mai tauraro a PutObject, wanda ke sa a mayar maka da 412 idan sunan yana nan. Shekara 18 ana jira, alhali Google yana da ifGenerationMatch=0 da daɗewa. Har yanzun ma ba a kunne yake ba sai ka saka da kanka a kowace buƙata. Saboda haka kada ka bar sunan da mai amfani ya kawo ya zama sunan ajiya: ƙirƙiri UUID, doguwar lambar shaida da kwamfuta ke ƙagowa daban ga kowane fayil, ka sa a matsayin suna, ka adana sunan asalin a rumbun bayananka, ka mayar masa da shi ta Content-Disposition ranar da ya zo saukewa, da ƙ ɗinsa da ɗ ɗinsa a sauye zuwa lambobi kamar yadda aka tilasta mana.