Riƙe titi ya fi ƙona shi wuya

Samari 'yan'uwana, duk wanda jininsa ya tafasa don ɗan sanda ya kashe wani a unguwarsu, ya dubi Minneapolis ta Amurka kafin ya laluba ashana.

Ranar 25 ga Mayu 2020 ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara har ya mutu, kan zargin jabun dala 20. Kwana uku bayan haka aka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta, tarzomar ta laƙume shagunan titin Lake, da yawansu na 'yan ci-rani masu neman na tuwo. Abin da ya jawo wa Chauvin ɗaurin shekara 22 da rabi kuwa bidiyon da Darnella Frazier, 'yar shekara 17, ta dake ta ɗauka ne, da shaidun da suka tsaya gaban alƙali.

Amma ni abin da ya fi burge ni mahaɗar da aka kashe Floyd ce, inda titi na 38 ya haɗu da titin Chicago. Mutanen unguwa suka datse hanyoyin, suka rubuta buƙatu 24 suka miƙa wa hukuma. Safe da yamma suna taro. Wasu shara, wasu rabon abinci, wasu kula da furanni da allunan da baƙi ke ajiyewa, har cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Sai a Yunin 2021 hukuma ta fara buɗe hanyar. A cikinku wa zai iya sharar titi shekara guda ba mai ɗaukarsa hoto?

Kada kuma ku ɗauka komai lami lafiya ne. A Maris 2021 an harbe wani har lahira a wurin, maƙwabta kuma sun koka cewa motar asibiti na shan wuyar shiga. Wanda ya rufe hanya, haƙƙin mai naƙuda da mai shago ya hau wuyansa.

In Allah ya jarrabe ku da irin wannan, ku fara da iyayen mamacin, ku ji abin da suke so. Ku adana bidiyon a wayoyi da dama, ku rubuta sunayen shaidu tun ranar, ku nemi lauya. Wanda ya zo da galan ɗin fetur, ko ɗan gidanku ne, ku karɓe galan ɗin ku raka shi gida.