Sauya yanayin kube-proxy ba ya share tsofaffin ƙa'idoji

Masu kula da Kubernetes, tsarin da ke gudanar da manhajoji a kan tarin na'urori, da dama suna ɗauka cewa da zarar an sauya yanayin kube-proxy, manhajar da ke rubuta ƙa'idojin karkatar da bayanai a kowace na'ura, daga IPVS zuwa iptables (hanyoyi biyu na Linux na yin wannan aiki), ko akasin haka, a fayil ɗin saituna, kuma aka sake kunna shi, aiki ya kammala. Ba haka abin yake ba. Ƙa'idojin da ke karkatar da zirga-zirgar bayanai suna zaune ne a cikin kernel, wato zuciyar tsarin Linux, a kowace na'ura, kuma ba sa gushewa don manhajar da ta rubuta su ta tsaya.

A da kube-proxy yakan yi ƙoƙarin share ragowar wani yanayin da kansa, amma an cire wannan tun sigar 1.14 ta shekarar 2019, domin yanayin IPVS ma yana amfani da sarƙoƙin iptables, wato jerin ƙa'idojinsa, irin su KUBE-SERVICES, don haka sharar tana iya taɓa ƙa'idojin da ake aiki da su. Wanda ya bar IPVS yakan tarar da kube-ipvs0, mahaɗin sadarwa na wucin gadi da yanayin IPVS ke ƙirƙira, yana nan riƙe da adireshin kowane Service, wato adireshin dindindin da ake isa ga manhaja ta cikinsa, alhali babu mai sabunta jerin Pod, wato kwafin manhajar da ke gudana, da ke bayansa, sai haɗi ya riƙa yankewa jefi-jefi, abin da ya fi wuyar ganowa fiye da katsewa gaba ɗaya.

A ganina duk takardar jagora da ta yi shiru a kan wannan iyaka ba ta cika ba. Ya kamata ta faɗa ƙarara cewa a kwashe ayyuka daga na'urar, a gudanar da kube-proxy --cleanup ko a sake kunna na'urar, sannan a bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya.